Na bar zaƙi, ina cin ɗanye zalla saboda ƙaiƙayin gaba: shin dabino ma zaƙi ne?

Maman Hanifa

Assalamu alaikum 'yan'uwa mata. Na daɗe ina leƙe a nan ban taɓa tankawa ba, amma yau abin ya kai ni bango, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki a Ɗorayi, shekarata 34, 'ya'yana uku. Tun bayan babbar sallar bara nake fama da abin nan da muke ce wa sanyi. Sau biyar ke nan yana tafiya yana dawowa. Ƙaiƙayi ne kamar in cire wurin in ajiye, sai wani farin abu mai kauri kamar gutsattsarin awara, ba ya wari, amma in na yi fitsari ya taɓa inda na sosa sai na riƙe bango. Ya fi tasowa saura mako guda in ga al'ada, ko lokacin ɗinkin sallah da nake wuni a kan keke cikin zafi.

Duk sanda ya taso kemis ɗin bakin layinmu nake zuwa. Sai ya haɗa min ƙwaya ɗaya babba, da na matsawa, da kafso na kwana biyar, wai na wanke ciki. In samu sauƙi wata ɗaya ko biyu, sai ya dawo kamar mai bin bashi.

To ƙanwata ce ta turo min bidiyon wata Ba'amurkiya a YouTube. Matar ta ce wannan ciwon yis ne ke kawo shi, shi kuwa yis abincinsa suga. Nan take maganar ta shige ni, domin ni mai yin fanke ce: na san in ka zuba wa yis suga a ruwan ɗumi, kafin ka juya ya yi kumfa ya cika kofi. Na ce ashe ni nake kiwon abina da hannuna. Shayina cokali uku nake zuba wa, lemon kwalba kusan kullum in rana ta take, ga gullisuwa da tuwon madara da 'yar maƙwabtanmu ke shigo min da su har gaban keke, ga zoɓo, ga tsumin da duk matar aure ta sani. Matar ta ce ita sai da ta bar zaƙi gaba ɗaya, ta kuma bar duk abin da wuta ta taɓa, sannan ta rabu da ciwon.

Yau kwanana 19 a haka. Da safe kokwamba da karas da rabin piya. Da rana kabeji da salak da tumatir da albasa, in matsa lemon tsami, in watsa ɗanyar gyaɗa da na jiƙa tun dare. Da dare yalo da kwakwa da aya. Ni nake yi wa gidan girki amma ba na kai wa baki, Hanifa nake kira ta ɗanɗana min gishiri. Baban Hanifa kuwa in ya shigo ya gan ni da faranti sai ya ce, "Sannu da kiwo." Bai san dalilin duka ba, na ce masa tumbi nake ragewa.

Barin dafaffe bai ba ni wuya kamar barin zaƙi ba. Bayan la'asar ne abin yake kama ni, har hannuna ya riƙa rawa a kan almakashi. Ranar Asabar mun je ganin ɗakin wata 'yar yayata, aka fito da gara, aka miƙo min alkaki yana naso da zuma. Wallahi riƙe shi na yi ina shaƙar ƙamshin kamar wata yarinya, sannan na naɗe a leda na jefa a jaka. Yana nan har yanzu.

Sai na samu mafita, ko na ɗauka mafita ce: dabino. Ai ɗanye ne, ba a dafa shi ba, kuma sunna ne. Na fara da guda uku, yanzu gwangwani guda ba ya kai min kwana biyu. Da dare kuma cokalin zuma, da kankana in na samu.

Tambayoyina: dabino da zuma da kankana da ayaba suna cikin zaƙin da ake nufi, ko sugan kanti kawai ake nufi? Wata nawa ake yi kafin a ga ƙarshen abin? Don ƙaiƙayin ya lafa kwana goma, shekaranjiya kuma na ji ya fara motsi. Sannan jiri nake ji in na miƙe daga kan keke, siket ɗina duk sun yi min yawa. Matar bidiyon ta ce wai alamar ƙwayoyin suna mutuwa ke nan, a daure. Akwai wadda ta taɓa gwadawa?

Ummu Sadiƙ

Wa alaikumus salam Maman Hanifa, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ni na gwada, har wata biyu da 'yan kwanaki na yi, ina Zariya lokacin.

Dabino zaƙi ne 'yar'uwa, zaƙi ma na gaske. Busasshen dabino wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa suga ne, zuma kuwa wajen kashi 80 cikin 100. Gwangwanin da kike gamawa a kwana biyu ya ninka cokali ukun shayinki ban san sau nawa ba. Kankana ce mai dama-dama, ruwa ya fi yawa a cikinta. Ni ma haka na yi, na bar alawa na koma kunun aya da dabino da kwakwa ina ta murna wai na bar suga.

Abin da ya sa na daina ba ƙaiƙayin ba ne. A wata na biyu al'adata ta ɗauke. Na ɗauka ciki ne, na yi gwaji sau biyu babu komai. Gashin gaban goshina ya riƙa bin mataji, mai kitsona ce ma ta fara yi min magana. Ga sanyi da nake ji a tsakiyar watan Afrilu, mutane na fifita ni ina neman mayafi. Daga baya wata ƙawata da ta karanci harkar abinci ta faɗa min an taɓa bincike a Jamus a kan masu cin ɗanye na tsawon shekaru, aka wallafa a 1999, an samu kusan kashi 30 cikin 100 na matan da ba su kai 45 ba al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke. Jirin nan naki yunwa ce, babu wata ƙwaya da ke mutuwa.

Kuma ki kula da wankin ganyen nan. Ba kowane lambu ake bai wa ruwa mai tsabta ba, wasu da ruwan kwata ake shayar da su. Ni sai da na kwanta da gudawa kwana uku a kan salak. Kada kuma wani ya ce miki ki jiƙa wake ko rogo ki ci ɗanye, waɗannan sai da wuta.

Barin lemon kwalba kam ban koma ba har yau, kuma ban yi nadama ba.

Hajiya Iya

Ikon Allah. Yaran zamani kun iya ɗora wa kanku wahala. Mace da miji da 'ya'ya uku ta zauna tana cin ganye kamar zomo? 'Yata, tashi ki ci tuwo. Mu da muka taso, in sanyi ya kama mace bagaruwa ake tafasawa ta zauna a ciki, a daka tafarnuwa da kanumfari, wasu ma su matsa ƙwayar tafarnuwar ta kwana. Kuma ki daina shiga bayin da ba naki ba, a nan ake kwaso shi. Shi ma maigidan a ba shi magani, in ba haka ba kina warkewa yana mayar miki.

Anti Nas

Hajiya ina gaisuwa, a yi min afuwa, a kan tuwo muna tare ɗari bisa ɗari, amma a kan tafarnuwa zan saɓa miki. Na fi shekara ashirin a ɗakin awon ciki da na haihuwa, na ga matan da suka zo wurin ya ƙone ya saluɓe saboda ɗanyar tafarnuwa. Fatar da ta riga ta yi rauni da susa ba ta ɗaukar wannan. Zama a ruwan ɗumi ba laifi, amma kada a tura komai ciki.

Maman Hanifa, ƙanwata, bari in fara da kemis ɗinki, don a nan idona ya tsaya, ba a kan dabino ba. Kafson nan na kwana biyar da yake ce miki na wanke ciki, je ki duba kwalinsa. Ina kyautata zaton antibayotik ne. In kuwa shi ne, to ga inda gizo ke saƙar. A gaban kowace mace lafiyayya akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke sa wurin ya zama da ɗan tsami, su ne ke danne kandida, wato yis ɗin da kike magana. Ita kandida ba daga bayi ake kwaso ta ba, da ma tana zaune a jikin mutane da yawa ba ta damun kowa. Antibayotik ba ya kashe ta, masu gadin yake kashewa. Kin ga an ba ki maganin da zai kashe wutar da wanda zai sake hura ta a leda guda.

Misalin fanke da kika kawo ya yi kyau, sai dai jikin mutum ba kofin ruwan ɗumi ba ne. Yis ɗin burodi ma daban, kandida daban. Sugan da kika sha ba ya gangarawa kai tsaye zuwa can. Cikin jini yake shiga, sinadarin insulin da jiki ke yi ya daidaita shi. Tuwo da shinkafa da ayaba da dabino duk suga suke komawa a jini, ko an dafa ko ba a dafa ba. Wannan tunani na cewa a yaƙi kandida da abinci wani likitan Amurka ne, William Crook, ya yayata shi a shekarun 1980, kuma har yau bincike bai tabbatar da cewa barin zaƙi ko barin dafaffe yana warkar da macen da suganta ke daidai ba. Inda maganar take da gaskiya shi ne wajen mai ciwon suga. In suga ya hau a jini ba a shawo kansa ba, yana fita a fitsari, yana yawa a danshin jiki, garkuwa ta yi rauni, sai kandida ta samu gona. Mata da dama ta wannan ƙaiƙayin aka fara gano suna da ciwon suga.

Don haka ga abin da zan ce ki yi da a gabana kike. Ki je asibiti, ba kemis ba, kuma ki je lokacin da abin ya taso, kafin ki sha ko ki matsa komai. A ɗebi ruwan da auduga a kai ɗakin gwaji. Dalili kuwa ba duk abin da muke kira sanyi ne kandida ba. Akwai mai ruwa tsararo da ƙarni kamar na kifi, maganinsa daban ne. Akwai wanda ake ɗauka ta saduwa, shi ne wanda dole a haɗa da miji. Ita kandida ba a cika ba wa miji magani ba sai in shi ma yana da ƙaiƙayi ko ja a jikinsa. A cikin kandidar ma akwai irin da ba ta jin fluconazole sosai, wato ƙwaya ɗayan nan ta 150 da ake ba ki.

Sannan a auna miki suga da safe kafin ki ci komai. In ya kai 7.0 a awon da asibitocinmu suka fi amfani da shi, ko 126 a ɗaya awon, kuma aka maimaita aka sake samun haka, ciwon suga ne. Akwai kuma gwajin HbA1c da ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, shi daga 6.5 ne ake cewa ciwon suga.

Kusan mata uku cikin huɗu sai sun gamu da wannan ciwon ko da sau ɗaya ne a rayuwa, ba ƙazanta ba ce. Amma wadda yake dawo mata sau uku, huɗu ko fiye a shekara, kamar ke, ba ƙwaya ɗaya ake ba ta a sallame ta ba. Likita kan ba da fluconazole sau uku, kwana uku-uku tsakani, sannan sau ɗaya a mako har wata shida. Kada ki saya ki fara da kanki, kuma in akwai yiwuwar ciki ki faɗa, don mai ciki ba ta shan sa, na matsawa irin clotrimazole ake ba ta na kwana bakwai.

Sauran kuma ke kika san su: wando na auduga, ki rabu da matsattsen na roba a ƙarƙashin zani ranar da za ki wuni a keke, ruwa kawai wajen tsarki ba sabulu mai ƙamshi ko dettol ba, ba turare, ba miski a ciki. Tunda kin ambaci tsumi, zan tambaye ki ba don in ji amsa a nan ba: akwai na matsi? Wasu haɗe-haɗen da zuma ko suga ake kwaɓa su. Wannan kam suga ne kai tsaye a bakin yis, ya fi duk shayin da kika taɓa sha.

Ki ci abinci yau. Wake, ƙwai, kifi, tuwo da miyar kuka, kindirmo marar suga. Salak ɗinki ya zauna a gefen faranti. Cin ɗanyen tsiro zalla ba ya ba da sinadarin B12, ƙarfen jini ma da ƙyar, ke kuwa mace ce mai al'ada duk wata.

Mariyama ta Damagaram

Maganar Anti Nas ta ƙarshe a kan sukari, ni ce shaida. Shekara biyu ina fama da ƙaiƙayi, na sha sassaƙe na sha saiwa. Ga ƙishirwa, ga tashi fitsari sau huɗu cikin dare, ban taɓa haɗa su da juna ba. Ranar da aka auna ni a gidan likita aka ce diyabeti ne. Mu nan Nijar da giram ake faɗa, iyakar 1,26 ce, nawa ya wuce biyu. Tun da aka sa ni a magani sukarin ya sauka, sau ɗaya tak abin ya sake taso mini. In akwai mai shi a danginku kada ki yi wasa.

Hajiya Iya

To nas, na ji. Amma bagaruwa dai ba ta taɓa kashe kowa ba.

Maman Hanifa

Na dawo, ku yi haƙuri da shiruna, kwana tara ke nan. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Hajiya har da ke.

Anti Nas, a daren da na karanta saƙonki na zazzage ledar magungunan da ke saman firij. Kwalin yana nan, antibayotik ne kamar yadda kika ce. Na zauna na lissafa, sau biyar na sha shi saboda sanyi, sau biyu kuma saboda wai taifot, ba tare da an taɓa ɗibar jinina ba. Sau bakwai a ƙasa da shekara. Tambayarki a kan na matsi kuma, amsar e ce, na zubar.

Washegari Baban Hanifa ya kai ni asibiti, dole na faɗa masa gaskiyar kiwon da nake yi. Bai yi dariya ba, abin da ya ce kawai shi ne me ya sa ban faɗa tun bara ba. Likitar mace ce, ta ɗebi ruwan, bayan kwana uku sakamako ya fito kandida ce. Ta ɗora ni a kan na wata shidan nan bayan ta tabbatar ba ni da ciki, na sa ƙararrawa a waya duk Juma'a bayan sallar asuba. Jinina ya yi ƙasa, an ba ni maganin ƙarin jini.

Suga kuma 6.4 ya nuna. Ta ce bai kai ciwon suga ba amma ya wuce daidai, ina bakin ƙofa. Da ta tambayi dangi na ce mahaifiyarmu tana da shi, yayarmu ma haka, sai ta ajiye biro ta dube ni. Mariyama, kamar kin sani. Za a yi min HbA1c ɗin wata mai zuwa. Da na ba ta labarin gwangwanin dabino sai da ta cire tabarau ta yi dariya, ta ce guda biyu ko uku sun isa, kuma bayan abinci. Ta ce barin lemon kwalba da gullisuwa shi ne abu ɗaya mai kyau da bidiyon ya sa ni, in riƙe shi, in rage tudun tuwo in ƙara miya da ganye, in riƙa tashi daga kan keke ina taka ƙafa ko rabin awa ne.

Abin da na fara ci ɗanwake ne da ƙwai da kabeji a kai. Ina ci hawaye na zubo min, Hanifa na tambaya ko yaji ne. Jirin ya tafi cikin kwana uku. Alkakin nan kuwa da na tuna da shi na buɗe jaka, na tarar ƙaramin ya riga ni, leda kawai ya bar min.

Saura abu ɗaya da ya gagare ni: shayi. Na sauko daga cokali uku zuwa ɗaya, amma babu suga sam sai in ji kamar ruwan wankin kwano nake sha. Ummu Sadiƙ, ke da me kike shan naki? An ce citta da kanumfari da na'a-na'a suna rufe rashin, gaskiya ne ko in haƙura da cokali ɗayan?